Jan Biron Baba Rufus

Shafi na arba'in da ɗaya ya dawo a karo na uku, an zagaye wuri bakwai da jan biro.

Kwamfutar Oga Meshak, guda ɗaya tal a shagonsa na buga takardu kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, ta san Turanci. Har Faransanci tana taɓawa, in ka danne maɓalli ka buga lambobi. Amma ɓ da ɗ da ƙ, ba ta taɓa jin labarinsu ba. Da farko Clara, mai buga aikin, ta riƙa maƙala ɗan waƙafi a gefen harafin, yadda kowa ke yi. Shafukan suka dawo da rubutu a gefe: Wannan ba Hausa ba ce.

Sai ta koma buga b da d da k tsirara. In takarda ta fito daga firinta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da siririn baƙin biro tana lanƙwasa musu kai. Kalma ɗaya ta ɓaci, a sake fitar da shafin, a sake lanƙwasa kowace ƙugiya tun daga sama.

Littafin tarihin ikilisiyar su Baba Rufus ne, shafi casa'in, za a ƙaddamar da shi ranar bikin cikarta shekara hamsin. Baba dattijon ikilisiya ne, babban manomin citta daga wani ƙauye a bayan Kachia, ga tabarau, ga biro uku a aljihun gaba. Duk Talata da Juma'a sai ya zo ya dire mata ambulan.

"Yarinyan nan bai san aiki ba! Duba, duba! Ja ko'ina!"

Ta taɓa tambayarsa wace kalma yake nufi a wani layi.

"Ni zan koya maka aikinka? Karanta!"

Sai ya kwashe sababbin shafuka ya ce sai ya je gida ya zauna da su a hankali.

Oga ya riga ya ja mata kunne. Kalandar bikin, da katin gayyata, da takardar tsarin sujadar ranar, duk suna biye da littafin nan. Ƙara ɗaya ta sake zuwa, akwai 'yan mata uku masu satifiket da ke jiran kujerarta.

Sauƙinta ɗaya, Mama Joanna. Matar Baba ba ta shiga shagon. Tana zama a benci a waje, riƙe da jakarsa da lemarsa, kuma ba ta zuwa hannu sake: yau lemo, gobe gyaɗa. In Baba ya tsallaka titi gaisuwa, Clara kan fito ta tura ciki gaba, ta sauke tabaran ƙarya kan hanci. "Duba, duba! Ja ko'ina!" Mama ta yi ta dariya har ta toshe baki da gefen zane.

"Haka yake, 'yata. Shekara talatin da takwas ina jin wannan murya."

Wata Juma'a Clara ta nuna mata kantar da biro ya yi mata a yatsa.

"Mama, fisabilillahi, ƙugiya ɗaya in ta ɓace wa zai mutu? 'Yan coci ma ba furta su suke yi ba."

Mama ta ci gaba da ɓare lemo. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Saura mako biyu biki aka ɗauke wuta kwana uku. Da wutar ta dawo, Clara ta fitar da shafi ashirin a yini ɗaya, ta bi su da biro idonta na ruwa. Shafi na saba'in da takwas, inda aka jera sunayen matan ƙungiyar zumunta ta coci da suka ɗebo ruwa da duwatsu aka gina coci na farko, ya manne a bayan ɗan'uwansa. Ya tafi babu ƙugiya ko ɗaya.

Ran Talata Baba bai yi ihu ba. Wasiƙa ya miƙa wa Oga, da jan biro, rubutu a tsaye kamar an auna da rula: muddin yarinyar nan ta sake taɓa littafin, aikin duka zai koma Jos.

"No vex, Clara, yi haƙuri," in ji Oga, yana kallon bango. "Je ki roƙe shi. In ya janye a rubuce, ki dawo Litinin."

Ran Asabar ta shiga motar Kachia, ta ƙarasa a kan babur. Baba yana gona. Mama ce a tsakar gida, tana baza yankakkiyar citta a rana. Clara ta durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Mama, ke kaɗai yake jin maganarki. Ki roƙa mini shi. Layi biyu kawai zai rubuta wa Oga."

Mama ta kawo mata ruwa, ta jira ta sha.

"A bangon littafin, sunan wa kika buga?"

"Na Baba."

"A shafin godiya fa?"

"Fasto, da dattawa, da kwamiti."

"To." Mama ta koma kan cittarta. "Shekara goma sha ɗaya ana bin tsofaffi gida-gida ana tambaya, wasu ma sun mutu ba su gani ba. Sunan da ba ya bango, ba ya shafin godiya, ba abin da ya rage masa sai aikin ya fito daidai."

"Na sani, Mama. Ki gaya masa na tuba."

Mama ta karkaɗe hannuwanta, ta dube ta da fuskar nan mai kawo lemo.

"Rufus ko sunansa bai iya rubutawa ba, 'yata, dangwale yake yi. Ni na ce a kore ki, kuma ba zan janye ba."