Libarbar Baba Almustafa

Lado ya goge tafin hannunsa a jikin wando, gumin ya sake tsattsafowa. Sanyin ɗakin harbin ya isa ya daskarar da kunu, amma shi jiƙewa yake yi.

Bakinsa ne ya jawo masa. Direba ne a Saudiyya, a unguwar Manfuha yake kwana, kuma ba a tashi daga wajen mai shayi bai ba da labarin kafilinsa ba, maigidan da ya tsaya masa a ƙasar, wato Baba Almustafa, Bahaushe haifaffen Riyad, mai tsohuwar libarba da ya gada wajen mahaifinsa. "Tsohon nan ko ƙofa ba ya gani sai na kama masa hannu," haka yake cika baki, "amma miƙa masa libarbar nan, sai ya huda maka idon sauro." Daga mai shayi magana ta kai ga mai gadi, daga mai gadi ta faɗa kunnen sabon mudir, wato manajan kulob ɗin harbi. Mudir ya ce makaho da bindiga? To, zai gani da idonsa.

Akwai inda Lado yake yanke labarin. Tun da yanar ido ta rufe wa Baba gani aka yi masa aiki, ya fito asibiti da baƙin tabarau yana cewa har yanzu duniya hayaƙi ce. Duk da haka ya rantse ba zai fasa zuwa harbinsa na ranar Asabar ba. Rantsuwar ce ta fito da 'yarsa Muhibba daga ɗakin da ta kulle kanta tun rasuwar mijinta. Ta yi kuka, ta yi faɗa da Larabci, tsoho ya ƙi ji. Sai ta ja Lado gefe ta tsara masa dabara.

Aikin Lado shi ne musanya kwalin harsashi da wani mai ƙara kawai, babu dalma a baki. Baba ya lalubo ya zuba biyar, ya bar gida ɗaya wofi yadda ubansa ya koya masa. Ita kuma ta yi hayar bindiga ta tsaya a layin kusa da shi. In ya danna kunama, ta danna tata, ta sakar wa takardarsa. Da farko gefe take tsagawa. Da tafiya ta yi tafiya hannunta ya faɗa, sai baƙin tsakiya. A yi ta tafa wa tsoho, yana ɗaga hannu kamar ɗan takara.

Yau kuwa mudir ya sallami kowa daga layi. Muhibba tana can bayan gilashi da wasu mata biyu da ta saba da su a kulob ɗin, tana cizon bakin mayafi. Mudir ya ture kwalin da Lado ya miƙo, ya dangwarar da nasa a kan tebur.

"Yalla, ya ammi," ya ce da Larabci, wato bismillah, baffa. "Da wannan za ka harba."

Lado ya hango abin da zai biyo baya. In tsoho ya harba iska, mudir zai tambayi wanda yake huda takardar nan tun bara. Daga nan sai a duba kyamara, sai a buɗe kwalin da ke hannunsa. A ƙwace lasisi, a ƙwace libarba, shi kuma baƙo mai wasa da harsashi a ƙasar mutane, iƙamarsa ta zama a ƙasar ta mutu, sai gidan tarhil inda ake tara waɗanda za a kora, sai jirgin Kano da silifa. Ya dubi ƙofa, mai gadi ya cika ta. Ya yi tunanin faɗuwa kamar mai farfaɗiya, ya tuna ya taɓa yin wannan a wurin nan don wasa, ba wanda zai sake yarda.

"Baba," ya matso yana raɗa, "ko mu ce kanka na ciwo?"

"Kaina lafiya lau. Juya ni in fuskanci takardar ka matsa."

Da safe ma haka Baba ya yi ta damun Lado a mota, sassauta, akwai kyamara a gaba, koma dama. Tsoho ya haddace titi kamar Fatiha, ga shi zai kai su ya baro.

Baba ya lalubi harsashi ya zuba biyar. Ya ɗaga libarbar, bakinta ya yi lilo, ya nufi silin, ya dawo. Mudir ya ja da baya. Lado ya rufe ido yana karanto duk surar da ya samu kafin ya gudu daga makaranta.

Ƙara biyar, a jere.

Aka jawo takardar. Huda biyar a cikin baƙin, tafin hannu ɗaya ya rufe su. Mudir ya juya ta gaba da baya, ya ce masha Allah, ya sumbaci goshin tsoho. Muhibba ta shigo da gudu ta rungume ubanta tana dariya da hawaye.

"Yuba, Babana, hannunka bai manta ba! Wallahi bai manta ba!"

A wajen ajiye motoci ta ce su jira ta, ƙawayenta sun kama ta sai sun sha gahawa. Lado ya lallaɓa tsoho ya zaunar da shi a baya, ya shiga gaba. Ya riga ya fara shirya yadda zai ba da labarin a Manfuha.

Baba ya sauke tabarau kan hanci, ya kama idon Lado a cikin madubi.

"Kai, gyara maɓallin rigarka, ka tsallake ɗaya. Kuma in ka kuskura ka gaya wa Muhibba aikin idona ya yi kyau tun ranar da aka kwance bandeji, ta koma ɗakin nan ta kulle, ni da kaina zan kai ka jirgi."