Sandar Barau

Tun da aka fara tatsar wutar lantarki daga iska, kowane gida a Gwarzo ya kafa sandar ƙarfe a rufi, kuma wadda ta fi tsini ita ke shanye rabon maƙwabta.

Da hantsi injin numfashin mahaifiyar Sallau ya fara sarƙewa. Ya hau rufi, sai ga maƙwabcinsu Barau yana ta goga wa sandarsa magagari.

"Kai Barau, wutar Inna kake janyewa!"

"Iskar gadon ubanka ce?" in ji Barau, ko ɗagowa bai yi ba. "Ka goge taka mana."

Sallau ya dubi tasa sandar. Guga ta cinye ta, saura tsawon yatsa. Gashin hannunsa duk ya miƙe yana nuna gidan Barau.

Ya sauko, ya ɗauki guduma, ya kama katanga zai haura gidan Barau.