Ranar da Na Kira Karen Maigida

Ina ɗan shekara tara Baba yake gadin wani gida a unguwar Mohandessin. Gaban gidan ba katanga, sai waya da aka binne a bakin lambu. Karen maigidan yana da abin wuya. In ya matso wayar sai abin ya yi tit-tit, in ya tsallake lantarki ya ja shi.

Wata rana bayan la'asar na tsaya a titi da guntun burodi ina kiransa. Na san abin da zai faru, so nake in gani da idona. Ya ji tit-tit ɗin, ya tsaya, ya dube ni. Na ƙara miƙa hannu. Ya taho.

Kukansa ne ya fito da Baba. Mutumin da ba ya bari kare ya shafi ko rigarsa, sai ga shi ya durƙusa ya rungume shi.

Na ce, "Baba, yawunsa najasa ne fa."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Najasa dai, ruwa zai wanke ta. Kai kuwa, yarda da kai ya yi ya taho."

Bai dake ni ba. Da ma ya dake ni. Har yau in na kira ɗana ya taho da gudu, sai gabana ya faɗi.