Sanƙon Tanimu

«Man ga nawa, ko a ƙwarya ka shafa shi sai ta yi suma,» in ji Ilyasu mai kantin magani a Sabon Gari. Alhaji Abdulmutallib ya yarda, don ba shi da zaɓi.

Alhaji yana neman kujerar depite a majalisar dokoki. A wani taro iska ta ɗauke masa hula, ’yan adawa suka laƙaba masa «Madubin Maraɗi». Cikin fushi ya rantse gaban jama’a: ran taron ƙarshe da hannunsa zai cire hular, kowa ya ga gashi.

Kwalba jika huɗu ce da. Da darajar kuɗin sefa ta karye, ta koma jika tara. Safe da yamma Alhaji yana shafawa, har ya ƙarar da shida. Kai dai ya ƙara ƙyalli.

Amma akwai Tanimu, wani manomin albasa daga Jiratawa, wanda Ilyasu ke zaunarwa a bakin kanti. Alhaji da idonsa ya ga sanƙon nan kamar faranti. Bayan wata ya koma kamar bakin kofi. Gashi na tahowa daga gefe, a jere, tsaf kamar an ja layi. Wani lokaci da ɗan yanka a tsakar kan. Ilyasu ya ce ƙarfin magani ne ke tsaga fata.

«Naka ya daɗe, Alhaji,» in ji shi. «Katan guda yake so.»

Saura sati uku taro. Alhaji ya amince, ya ce Ilyasu ya raka shi kamfe Tibiri, in sun dawo a ɗora katan a mota.

Ran kasuwa ce. Alhaji yana bin rumfuna yana miƙa hannu, hula danne har gira. A gindin wata bishiyar bedi suka tarar da wani tsohon wanzami yana wasa aska. Nan take Ilyasu ya tsunduma cikin tayin akuyar da ba ya bukata.

Tsohon ya riga ya hango shi.

«A’a, Ilyasu! Ina mutumin naka na Jiratawa? Yatsa guda ka ce in riƙa ragewa duk sati, to ga shi ya kusa rufewa. In bar mai sumarshi, ko in sake buɗe mai sabon sanƙo?»