Kujerar da Alhaji Bai Zauna Ba

Alhaji Aƙilu na tsaye cikin rana, gumi na bin gemunsa, yana tsalle kamar ba shi ne mai manyan sito na masara a Funtua ba. 'Yan Garma, ƙungiyar ƙwallon kwalejin noma da ke kan hanyar Bakori, sun sake zura ƙwallo a raga. Rigunan da ke jikinsu da takalman da ke ƙafafunsu duk daga aljihunsa suka fito.

Can ƙetaren fili akwai rumfar manyan baƙi, mai inuwa da fanka. A layin gaba akwai kujera mai taushi da aka rubuta sunansa a jikinta da fenti. Duk wanda ya ba ƙungiyar gudummawa mai tsoka, kwalejin kan ba shi tikitin zama a nan har ƙarshen kakar wasa. Alhaji bai taɓa ko leƙa wurin ba.

Raufu, akantan kamfaninsa, shi ya hana. Ya ce idan gudummawar kyauta ce tsantsa, za su nemi a cire ta daga riba kafin a yanka musu haraji. Amma idan Alhaji ya karɓi tikiti, ofishin haraji zai ce ciniki aka yi, kujera ya saya, kuma babu ragin ko sisi.

"Alhaji, ko inuwar rumfar nan kada ka bari ta taɓa ka."

Nan take Alhaji ya buga wa shugaban kwalejin waya, ya ce ba ya son tikiti. Shugaban ya yi dariya. "Alhaji ke nan, kullum kawaici." Alhaji ya ce a'a, wallahi a bari. Shugaban ya ƙara dariya, suka shiga tambayar iyali, suka yi sallama.

Tun daga nan kowace Asabar Alhaji yana ɓangaren talakawa, tsakanin 'yan acaɓa da masu sayar da rake. Ya yi baƙi. Ya koyi waƙoƙin da bai kamata mai gemu ya rera ba. Kuma bai taɓa jin daɗin rayuwa haka ba, domin 'Yan Garma sun ƙi faɗuwa. Jibril, ɗan wasansu na gaba, in ya ɗauki ƙwallo sai dai a ga ƙura.

Kujerar kuwa ba ta zauna fanko ba. Daga nesa ana hango wata mata a kanta, lulluɓe da mayafi kore da rawaya, launin ƙungiyar, tana busa ƙaho. In alƙalin wasa ya yi kuskure, ita ke fara miƙewa. 'Yan kallo suka sa mata suna Uwar Garma. Alhaji ya yi murna ƙwarai: kwalejin ta ba wata kujerar, ga shaida a fili cewa bai karɓi komai ba.

Da yamma yakan biya sashen mahaifiyarsa, Hajiya Barakatu, ya gaishe ta. Ita ma Asabar ce ranar fitarta, takan shiga Keke Napep ta tafi dubiya, ta dawo muryarta a dishe saboda iskar hanya. Yakan kawo mata zuma da citta, ya zauna yana ba ta labarin Uwar Garma, yana mamakin wane irin iyali ne suke barin babbar mace tana ihu a bainar jama'a.

"Kowa da kiwon da ya karɓe shi," in ji Hajiya, tana kurɓar zumarta.

Ana saura kwanaki a buga wasan ƙarshe da wata kwaleji daga Malumfashi, Madam Dinatu ta ofishin haraji ta kira Raufu. Ta ce ta ji akwai kujera mai sunan Alhaji a rumfa, don haka ba za ta amince da ragin ba sai ta gamsu. Raufu ya damu. Alhaji kuwa ya tafa hannu. Ya ce a gayyato ta filin, ta gani da idonta.

Ranar wasan ta zo da lemarta, ta tsaya gefen Alhaji a rana. Ya nuna mata 'yan acaɓar da za su rantse nan ne wurinsa. Ya nuna mata goshinsa da ya ƙone. Ya nuna mata kujerar can nesa, da mayafin da ke rawa a kanta. Madam Dinatu ta gyaɗa kai, ta ce abu ɗaya ya rage: ta ji daga bakin matar cewa kwalejin ce ta ba ta wurin, kuma ba ta da alaƙa da shi.

"Madam, mu je yanzu ma!" in ji Alhaji.

Suka zagaya ta bayan raga. Ci ɗaya da ɗaya ake, lokaci ya kusa ƙarewa. Suna hawa matakalar rumfar aka kwashe ƙafar Jibril a gaban gida, alƙali ya nuna fenareti, fili ya rikice. Alhaji ya shiga inuwar karo na farko, yana dariya, yana addu'a, yana ture mutane. Ya sha gaban kujerar, idonsa na kan ƙwallo, ya bar Madam Dinatu ta sunkuya ta tambayi matar da ladabi wanda ya ba ta wannan wuri.

Matar ta sauke ƙahon daga bakinta, ta amsa da disasshiyar murya.

"Wa zai ba ni, 'yar nan? Kujerar ɗana ce, shi ya biya. Har gida aka kawo tikitin, na ba da tukwici. Ga shi nan ma. Aƙilu, matsa can, ka tare mini fili!"