Hoton Afra'u Ya Tsaya a Rabi

Hoton yana saukowa ta intanet, sai ya tsaya a rabi, 'ya'yana. Ga Afra'u kwance a gadon asibiti, ido rufe, farin zane a kafaɗa. Tun safe take naƙuda a Jos, wayar mijinta ba ta shiga, sai wannan hoton da ya turo babu ko kalma.

Uwarta Jumai ta fara salati, ta zaci ta rasu.

"Mama, dakata," in ji ɗanta Abdulrauf. Ya duba gudun intanet ɗin, ya ga kusan babu. Ya ɗaure modem, na'urar kamo intanet, a sanda, ya miƙa ta taga.

Hoton ya ci gaba da saukowa a hankali. Jumai ta rufe fuska.

"Mama, buɗe ido. Barci take. Ga jikokinki ta rungume, har biyu."