Kayan Injin Namadi

Riwayoyi sun saɓa a kan rigimar babur ɗin Namadi na Jabo. Ta Nasiha, ƙanwarsa, na ɗauka, domin ita kaɗai ta ga farkon al'amarin da ƙarshensa, kuma ba ta da abin da za ta kare.

Tsohon babur ne mai ƙafa uku, mai manyan tayoyi na taka yashi, wanda wani aikin noman rani ya bari tun da daɗewa. Da shi Malam Attahiru, mahaifin Namadi, ya kife a hawan wata fadama ta Kebbe, bai sake tashi ba. Namadi bai taɓa ganin laifin babur ɗin ba. Raunin injin ya zarga, wanda ya mutu a tsakiyar hawa ya koma da baya.

Da babur ɗin da gonar albasar suka zama nasa, sai ya sayo kayan ƙara wa injin ƙarfi, silinda mai faɗi da fistinsa, da babbar kafireta, ya kai wa Lauwali bakanike a Tambuwal. A gabansa aka ɗaura. Da aka murɗa hannun wuta, ƙafar gaba ta ɗaga sama, masu shayi suka watse. Namadi ya yi dariya, ya bar shi a yi masa fenti.

Ranar da ya karɓa ya nufi Kebbe. A yashin farko injin ya yi tarinsa na da, ya mutu. Wani bakanike na can ya buɗe, ya tarar da tsohon silinda da tsohuwar kafireta, an wanke su an mayar.

Namadi ya dawo Jabo idanunsa jawur. Ya yi alwashin sai duk Tambuwal ta kira Lauwali ɓarawo, sai garejinsa ya zama kango. Mahaifiyarsa Atu, wadda ba ta kiran sunansa kuma ba ta zama tare da shi saboda ɗan fari ne, ta aiko Nasiha: "A ce wa wancan shi bar zancen ga."

"Ran da Baba yaf faɗi ko sannu ba ta ce min ba," in ji Namadi. "Yau ɓarawo za ta tsaya wa?"

Aka kira Lauwali, aka zauna a zauren gidan su Namadi bayan la'asar, a gaban Liman Nu'umanu. Namadi ya zube tsofaffin kayan a kan tabarma, baƙin mai ya fantsama.

"Wa yac cire nawa?"

"Ni nac cire su," in ji Lauwali.

"Ina suke, marar kunya?"

Lauwali ya dubi ƙasa. "Yallaɓai, ban sai da ba, ban ɓoye ba. Kada ka tambaye ni abin da yaw wuce wanga."

Namadi ya yi kansa, aka riƙe shi. Ya nemi rantsuwa, yana zaton mutumin zai ja da baya. Lauwali ya yi alwala, ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani, ya maimaita kalmominsa ba tare da ƙari ba. Liman ya ce shi ke nan, babu sauran magana bayan rantsuwa.

Namadi ya fita yana zagin bakanikai da iyayen gidansu. Har yau bai gaisa da Lauwali ba. Har yau kuma babur ɗin yana rarrafawa zuwa Kebbe, jakuna suna wuce shi, mai shi yana komawa gida lafiya.

Waɗanda suka halarci zaman su ne: Liman Nu'umanu, Maccido mai unguwa, Sirajo da Haliru, waɗanda suka riƙe Namadi, Lauwali, Nasiha a bakin ƙofar ciki, sai Atu a bayan zana, zaune a kan babbar kwallarta ta ajiyar kaya, wadda sabon silinda da kafireta suke cikinta tun ranar da ta sa Nasiha ta ɗauko mata su daga Tambuwal.